Wa ya cancanci shiga shafin 15 ga Janairu?

Jama'a, musamman ku masu aikin gyara a Wikipedia ta Hausa, maganar shafukan ranaku ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kowace rana tana da shafinta, inda ake jera abin da ya faru a cikinta, da waɗanda aka haifa, da waɗanda suka rasu. Wurin kaɗan ne, tarihi kuwa ba ya ƙarewa. To wa za a sa, wa za a bari?

Mu ɗauki 15 ga Janairu. A ranar aka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna a 1966, aka kuma ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas. A ranar yaƙin basasa ya ƙare a hukumance a 1970. A ranar kuma wani matuƙi ya saukar da jirgin sama a kogin Hudson na Amurka a 2009, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya kwafo shafin Ingilishi ya fassara shi sukutum, awon wasu ya kawo mana. In wuri ya ƙure a shafin Hausa, jirgin Hudson ne za a cire, ba wani ja-in-ja.

Ƙa'idar masu Ingilishi ita ce lamarin ya kasance yana da muƙalarsa, kuma a kawo majiyar da ta tabbatar da ranar. Na yarda da ita. Sai dai ku lura da inda take kai mu. Ranakun da muke da tabbacinsu, da yawa sojojin Lugard ne suka rubuta a rahotanninsu: faɗuwar Kano 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato 15 ga Maris, Burmi 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. In ba mu tashi tsaye ba, kalandarmu za ta cika da ranakun da aka ci mu da yaƙi. Muhammadu Rumfa ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi, amma wace rana? Babu. Amina ta Zazzau ma haka. Kuma don Allah kar wani ya ƙirƙira musu rana saboda kishi, muƙalarsu ta ishe su.

Aikin yana wajen malamanmu na jihadi, domin su sun rubuta kwanan wata, da lissafin Hijira. Hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a Zulƙida 1218 ce, wato Fabrairun 1804. Juya lissafin kan jawo saɓanin kwana ɗaya ko biyu, don haka a rubuta duka biyun, a faɗi inda aka samo.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ba ni haushi. Naɗin kowane hakimi ba tarihin kalanda ba ne, balle ranar haihuwar ɗan majalisa da yaransa suka cusa. Ranka ya daɗe, a jira tukuna a ga abin da ka bari.

Kuma Hausa ba ta tsaya a Jibiya ba. Ɗalibin Maraɗi da ya buɗe 3 ga Agusta ya kamata ya tarar da samun 'yancin Nijar na 1960, in ya buɗe 15 ga Afrilu ya ga juyin mulkin da Seyni Kountché ya yi wa Diori Hamani a 1974.