Haƙƙin ɗan Adam a koyarwar Katolika: daga nassi ya fito ko aro ne?

Wasu na cewa Cocin Katolika aron maganar haƙƙin ɗan Adam ya yi daga Majalisar Ɗinkin Duniya, tunda babu sura a Littafi Mai Tsarki da ta jera haƙƙoƙi kamar yadda kundin haƙƙin ɗan Adam da Majalisar ta fitar a 1948 ya jera su. Ban yarda da wannan ra'ayi ba, ko da yake cocin ne da kansa ya ba masu sukarsa ƙofa.

A ƙarshen 1511, wani limamin ɗariƙar Dominikan mai suna Antonio de Montesinos ya hau mumbari a tsibirin Hispaniola da ke yankin Karebiyan, ya dubi Turawan Sifaniya masu bautar da 'yan asalin wurin, ya tambaye su ko waɗannan da suke kashewa da aiki ba mutane ba ne. Manyan tsibirin suka fusata, suka nemi ya janye kalamansa, Lahadin da ta biyo baya kuwa ya maimaita su. Babu wata yarjejeniyar duniya a hannun wannan bawan Allah, abin da ya riƙe shi ne koyarwar Littafi Mai Tsarki, wanda tun a babin farko na littafin Farawa ya ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa. A 1537 Paparoma Paul na III ya haramta bautar da 'yan asalin nahiyar Amurka.

Sai dai gaskiya ɗaci gare ta. A 1452 Paparoma Nicholas na V ya ba sarkin Fotugal izinin bautar da waɗanda ba Kirista ba, a 1832 kuma Gregory na XVI ya kira 'yancin bin abin da zuciyar mutum ta gaskata hauka. Masu bayi ma sun daɗe suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ga Afisawa, wadda ta umarci bayi su yi wa iyayengijinsu biyayya. Sai a 1963 John na XXIII ya lissafa haƙƙoƙin ɗan Adam filla-filla a wasiƙarsa ta Pacem in Terris, sannan a 1965 babban taron Vatikan na biyu, wanda ya haɗa bishop-bishop na Katolika na duniya, ya amince da 'yancin addini.

Wannan taro ya kuma bayyana cewa masu koyarwa a coci ba su fi Kalmar Allah matsayi ba, hidima suke yi mata. Abin da na fahimta shi ne, duk lokacin da cocin ya gyara matsayinsa a kan bauta ko tilasta addini, nassi ne ya hukunta masu fassara shi, domin aya ɗaya da aka tsinto don kare sarƙa ba ta iya rinjayar darajar da Farawa ta ba kowane mutum.

Inda ake ta da jijiyar wuya yanzu shi ne hukuncin kisa. A 2018 Paparoma Francis ya sauya sakin layi na 2267 na littafin katikizim, wato kundin koyarwar cocin, ya ce wannan hukunci ba abin karɓa ba ne, alhali shari'ar Musa ta tanade shi ƙarara. Ina goyon bayan sauyin, amma mabiyin da ya buɗe littafin Fitowa ya ga hukuncin a rubuce yana da haƙƙin bishop ɗinsa ya zauna da shi ya nuna masa, aya bayan aya, yadda aka kai ga wannan matsaya.