Ku daina zuba ido iyayenmu suna ajiye maganin zuciya

Jiya na je duba mahaifin wani abokina mai fama da raunin zuciya a asibiti. Ƙafafu sun kumbura suntum, yana haki, ko kwanciya ba ya iyawa sai a jingine. Da na tambaya, sai ɗansa ya ce wai Baba ya ajiye magani tunda ya ji sauƙi, su kuma suka ƙyale shi. Wallahi raina ya ɓaci.

'Yan'uwana matasa, raunin zuciya ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Zuciya ce ta gaza tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Sauƙin da ake ji, maganin ne ke riƙe da shi. Amma kullum zancen ɗaya ne: "Ai na warke." Wani ya ajiye furosemide, maganin da ke fitar da ruwan da ya taru a jiki, don yawan fitsari ya hana shi fita. Wani ya yanke bisoprolol, maganin da ke rage gudun bugun zuciya, saboda jiri, bai ko gaya wa likita ba, alhali yanke irinsa lokaci guda na iya rikita bugun zuciya. Wani ƙwayoyin sun yi masa yawa, sai ya zaɓi wanda ya ga dama. Wanda kuɗin magani ya gagara, wannan abin tausayi ne. Amma mai magani a ajiye cikin jaka, mene ne uzurinsa? Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashen da suka ci gaba ma, kusan rabin masu ciwo mai daɗewa ne kawai ke shan magani yadda aka umarta. Sai numfashi ya sarƙe a kwashi mutum a guje, an manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma likitocin WhatsApp, masu miƙa wa tsoho diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa, ba su san suna tara masa gishiri da ruwa a jiki ba. Haba!

Ku tuna wa tsohonku shan magani, ku raka shi ganin likita. In nauyinsa ya ƙaru fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, kada a jira. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A da, in tsoho ya kwanta ciwo, 'ya'yansa ba sa nisa da shimfiɗarsa, sun san abin da ya sha da abin da ya ƙi. Yanzu saurayi na gida ɗaya da ubansa, ido na kan waya, ko sunan ƙwaya ɗaya daga cikin magungunansa bai sani ba.