Ranar da Na Kaɗa Jita Cikin Babbar Riga

Ranar da na shigo gida da jita a rataye a bayana, Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Wannan kuma garayar wa ka ɗauko?" Na ce jita ce, Inna, ta zamani. Ta ce ita dai a iya saninta, kaf danginmu, ɗakin uwa da ɗakin uba, babu maroƙi, amma tunda ni na ga ya dace in fara, Allah ya ba da sa'a. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Sana'ata gyaran waya ce a Farm Centre, nan Kano. A can ne ma cutar ta kama ni. Masu zuwa a tura musu waƙoƙi a memori suka yi ta neman kiɗan samarin Agadas, ni kuma tun ina turawa ba na saurara har na fara saurara. Da na ji labarin cewa Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke, ga shi yau har Amurka yake zuwa wasa, sai na ce to ni da zan sayi ta kanti fa? Ai sai dai a tare ni a Landan.

Ta hannu na saya a Sabon Gari, wajen wani bawan Allah da yake kaɗa wa wata majami'a. Mutumin kirki ne, shi ya zama malamina daga baya, Oga nake ce masa. Jitar irin ta katakon nan ce mai rami a ciki, tsirkiyarta shida na ƙarfe, sannan a gefenta akwai wani ɗan akwati da wurin soka waya zuwa sifika. Ku riƙe zancen ɗan akwatin nan, za mu dawo kansa.

Makon farko yatsuna na hagu kamar na dafa dutsen guga. Oga ya ce in yi haƙuri, kanta za ta fito. Ta fito kuwa, har ta kai in na ɗauki ƙananan kusoshin waya a shago ba na jin su a yatsa sai na duba. Na koyi kamu huɗu, wato yadda ake jera yatsu a danne tsirkiya: C, da G, da ƙaramin A, da kuma azzalumin nan F. Shi F sai ka kwantar da manuni ya danne tsirkiya shida gaba ɗaya, sauran yatsun ukun kuma kowanne ya tafi aikensa. Duk ɗan koyon da ya ce maka F bai taɓa sa shi tunanin sayar da jitarsa ba, bai iya ƙarya ba ne kawai. Wata takwas ina fama a ɗakina na soro, daga ni sai singileti, da madubi, da wata kyanwar maƙwabta da take zama ta saurara saboda ina ba ta kan kifi. A ɗakin nan dai, wallahi, ni gwani ne.

Sai bikin ɗan kawuna ya taso, abokin wasana, a tsakiyar hunturu. Shi ya same ni har shago ya ce, "Kai bawana, tunda ka hana unguwa barci, sai ka zo ka yi mana a wajen dina. Minti biyar." Da ina da wayo da na gane cewa tayin abokin wasa ba a karɓarsa hannu bibbiyu. Na ce an gama. Har waƙa na tsara wa amarya, baiti uku da amshi.

Na je na gaya wa Oga. Ya yi shiru, sannan ya ce in zauna. Ya ce kada in kuskura in canza tsirkiya ana gobe biki, don sabuwa takan yi kwana biyu ko uku tana miƙewa, kana saita ta tana saki. Ya ce in sa sabon batir. Ya ce in je wurin da wuri in gwada sauti da mai kayan sauti tun kafin mutane su taru. Na ƙarshe ya ce in na yi kuskure kada in tsaya, kada kuma in ɓata fuska, don yawancin mutane a fuskar makaɗi suke gane an yi kuskure, ba a kunnensu ba. Na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ana gobe biki da daddare na dubi tsirkiyoyin nan, na ga sun yi baƙi-baƙi, na tuna za a zo da masu ɗaukar hoto. Na ce haba, ai abin kunya ne. Na kwance su duka shida na ɗaura sababbi fil, suna ta ƙyalli. Gwajin sauti kuwa, lokacin da ya kamata in yi shi ina can cikin jerin motoci, an sa ni jigilar gwaggonni daga Gwammaja. Batir kuma, gaskiya ko tuna shi ban yi ba.

A kati an rubuta ƙarfe 7. An fara ƙarfe tara da rabi, wanda a bikin Kano ma an yi saurin farawa. Mu abokan ango duk mun sha ankon babbar riga ta shadda, ta sha bugu da sitaci, in ka motsa sai ta yi ƙara kamar ana buɗe buhun siminti. Sai a lokacin ya faɗo mini cewa tunda nake ban taɓa riƙe jita da wata riga mai hannu ba.

Na leƙa waje wurin ajiye motoci na saita tsirkiya a cikin sanyin hunturu, na dawo cikin ɗakin taro mai ɗumin mutum ɗari uku da fitilu. Katako da ƙarfe kuwa ba sa son a yi musu haka. Na ciro waya in sake dubawa, manhajar saitin nan da take sauraren sauti ta nuna maka allura. To dije ya ƙure sifika. Allurar ta bar jitata ta koma bin kiɗan dije, tana rawa hagu da dama. Na mayar da wayar aljihu na ce Allah na nan.

Mai gabatarwa ya karɓi makirfo ya shiga yi mini kirarin da ko a mafarki ban taɓa yi wa kaina ba. Mai yatsun zinare. Wanda Agadas take tsoro. Na fito ana tafi, gwiwoyina suna gaisawa da juna. Aka kawo mini kujerar roba mai hannu. Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai gane ba: ba a kaɗa jita a kujera mai hannu, gindin jitar ba shi da wurin zama. Na matso bakin kujerar na ɗosana, na ɗora jita a cinya, sai ta zame a kan shaddar nan sumul kamar sabulu, na cafko ta a gwiwa. Maɗaurin ratayawa yana gida a jikin ƙusa.

Mai kayan sauti ya miƙo waya, na soka. Na kaɗa. Shiru. Ya ƙara murɗawa, na sake kaɗawa. Shiru. Ya canza waya, ya hura bakinta, ya dube ni, na dube shi. Sai wani yaro da bai fi shekara goma ba, yana tsugune a gaba da robar shinkafa a hannu, ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, ko batir ne?"

Jama'a, ni ne fa. Ni da nake wuni ina ce wa mutane "Alhaji, batir ne," ina karɓar kuɗinsu. Ɗan akwatin nan na gefe da batir mai bolt 9 yake aiki, irin mai kusurwa huɗun nan. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, muddin waya tana soke a jikin jitar, to a kunne take, ko ana kaɗawa ko ba a yi. Ni kuwa tawa ta fi wata guda a soke a ɗaki, don tana yi mini kyau a haka.

Mai sauti ya ce ba komai, ya janyo makirfo ya kafa shi a bakin ramin jitar, ya ƙure murya. Bai lura ba, ni ma ban sani ba, cewa babbar sifika tana bayana daidai. Sautin da ya fita daga sifika ya koma cikin makirfo, ya sake fita, ya sake komawa. Wata irin ƙara ta tashi, siririya mai huda ƙwaƙwalwa, kamar an taka wutsiyar aljani. Tsofaffi suka toshe kunne da mayafi. Jarirai uku suka fashe da kuka a tare. Na ji wata murya daga teburin iyaye tana salati. Amarya, da aka ce tun safe ba ta ɗaga kai ba saboda kunya, ta ɗago.

Da aka samu ƙarar ta lafa, na ce bismillah na sauke hannu a kan C. Abin da ya fito ba C ba ne. Sababbin tsirkiyoyin nan kowacce ta saki gwargwadon ra'ayinta, sun zama kamar 'yan kwamiti, ba mai jin ta wani. Na tuna maganar Oga, na saki fuska, na ci gaba. A bugu na huɗu hannun babbar riga ya sulmiyo daga kafaɗa ya rufe tsirkiyoyin ruf, sauti ya koma kamar ana dukan katifa. Na wurga shi kafaɗa. Bugu huɗu, ya dawo. Na sake wurgawa. Haka muka yi ta yi, har wasu samari a baya suka ɗauka salo ne, duk sanda na wurga sai su ce "Ehe!"

Tsoro kuma yana da gudu. Waƙar da nake yi a minti huɗu a ɗaki, na cinye baiti biyu cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, kamar mai karanta sanarwar cigiya kuɗin iska na ƙarewa. Hannuna ya jiƙe da gumi a hunturun nan. Ɗan filastik ɗin da nake kaɗawa da shi, wanda na yanka daga tsohon katin cirar kuɗi, ya suɓuce ya faɗa cikin ramin jitar. Na ji ƙararsa a ciki, ƙwas. A nan hankalina ya bar jikina. Maimakon in ci gaba da yatsa, sai na miƙe tsaye, na ɗaga jitar sama da kaina, na kifa ta, na shiga girgizawa. Ɗakin taro ya kaure da tafi da shewa. Wai sun ɗauka irin abin da manyan makaɗa suke yi ne. Filastik ɗin bai fito ba. Har yau yana ciki.

Tafin nan ne ya taso da Gwaggo. Ta taho da jakarta tana rangaji, ta ce, "Ɗan nan ashe haka ka iya!" Ta ciro naira 200 ta manna mini a goshi. Na san dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi, har da tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida, amma ban taɓa ganin hikimar dokar ba sai a daren nan. Gumi ya riƙe takardar, ta sauko ta rufe mini ido ɗaya. Ta ƙara wata a ɗaya gefen. Ni kuwa in ban ga yatsuna ba, ban san inda suke ba. Ga amshi ya zo, ga F tana jira. Na kwantar da manuni a inda nake zaton nan ne, na buga. Kyanwar maƙwabta ma da tana wurin da ta bar kan kifin ta tafi.

Sai janareto ya yi tari sau biyu ya mutu.

Duhu ya rufe ko'ina, makirfo ya mutu, aka shiga hayaniya ana laluben wayoyi. Wani abin mamaki, da na tabbata ba mai kallona, sai kafaɗuna suka sauko, yatsuna suka koma gidajensu da kansu. Na yi baiti na uku cif, a natse, har F ta fita tas, duk da saitin ya karkace. Tunda na fara koyo ban taɓa yin mai kyau irinsa ba. Ba wanda ya ji. Mai bidiyo ma ya ce a lokacin ya kashe na'ura yana canza batir, shi da yake da hankalin zuwa da wani.

Wuta na dawowa, dije bai jira an ce masa komai ba ya saki kiɗa, mai gabatarwa ya dafa kafaɗata yana tura ni gefe a hankali yana cewa a tafa wa mai yatsun zinare.

A bakin ƙofa na ci karo da kakan ango, yana zaune ana nemo masa mota. Na durƙusa na gaishe shi. Ya taɓa jitar da sandarsa ya ce, "Nawa ne wayoyin nan?" Na ce shida ne, Baba. Ya ce shi ya ga Ɗanmaraya Jos da idonsa, kuntiginsa tsirkiya ɗaya tal, amma in ya fara ko tari ba ka ji a fili. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ko ka cire biyar ka gani?"

Da na koma gida na ƙirga liƙi, naira 1,700, har da wata hamsin da aka haɗa da salatif. Ko kuɗin tsirkiyar bai mayar ba. Kafin asuba bidiyon ya zaga zauren WhatsApp na dangi, angon da kansa ya saka, a daren aurensa, don ku san irin mutumin da nake hulɗa da shi. Inna ta kalla a wayar ƙanwata, ta ce alhamdulillahi, hankalinta ya kwanta, har yanzu babu maroƙi a gidan nan.

Oga sau uku ya kalla, yana share hawaye. Ya ce aƙalla ban gudu ba. Ya sayar mini da ɗan abin saitin nan da ake maƙalawa a kan jita, wanda girgizar katako yake ji ba hayaniyar ɗaki ba, ya kuma sa na yi alkawarin duk kayan da zan sa ranar wasa, da su zan yi gwaji. Yanzu in kun wuce ta layinmu da daddare kuka hango mutum a soro cikin babbar riga shi kaɗai yana wurga hannu kafaɗa, ku yi sallama kawai ku wuce.

Gayyata ta biyu kuwa ta zo bayan mako guda. Kawu ne, uban ango, ya kira ni da kansa, na miƙe tsaye na amsa. Ya tambayi aiki, ya tambayi Inna, sannan ya ce wannan ƙarar ta farko, wadda ta sa yara kuka, shin zan iya sake yin ta in an buƙata? Na ce me ya faru, Kawu? Ya ce shinkafarsa ta Kadawa in ta fara nuna, tsuntsayen janbaki ba sa barin ta, yaran da yake ɗauka kora kuma sun ƙara kuɗi.