Ranar da Sikeli Ya Ƙare a Kaina, Ni da Kwamanda

Kun dai san labarin batirin mota da tukunyar gas da aka haura katanga aka kwashe mana har sau biyu a wata guda, ba sai na maimaita ba. Dalilin zuwan karen nan Kwamanda gidanmu ke nan, duk da wa'azin da Kawu ya shafe mako yana yi mini, ni kuma ina ta nanata masa cewa na gadi ne, malamai sun yi sassauci a kan na gadi. Ruwa biyu ne. Uwarsa Alsatian, ubansa kuwa wani ɗan zaman kashe wando ne daga cikin masu gantali a hanyar Lamingo a nan Jos. Farkon zuwansa ko minti ɗaya ba ya zama. Ya yayyaga takalman makarantar yara, ya tone kabejin uwargida, ya raka mai kawo takardar kuɗin wuta da gudu har bakin kwalta. Bayan shekara biyu da rabi, wannan karen dai shi na fito wata safiya na tarar kazar maƙwabta tana cin abinci a kwanonsa, yana kwance yana kallonta da ido ɗaya kamar ya ba ta haya.

Na ce wa uwargida, anya kuwa? Ta ce hutu ne, kare ya faɗo gidan arziki.

Asabar ɗin farko ta watan Agusta lokacin allurarsa ta haukar kare ya yi. Ina da ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya a Bauchi Road, na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, na zura farar shaddata ta Babbar Sallah. Motata kuwa ba ta gida. Masu Keke uku suka leƙo suka ga fasinjan suka ƙara wuta. Na huɗu ya ce sai dai shata, kuma in kare ya yi wani abu a ciki ni zan wanke.

Wurin likitar ɗan shago ne, rabi abincin kaji rabi magunguna, ga benci a baranda. A kan bencin akwai mata biyu da kwalin 'yan tsaki, da wani yaro da kyanwa a kwando, sai wani tsoho riƙe da igiyar akuya. Ku riƙe tsohon nan a ranku. Likitar yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta ciro allurar daga kula mai ƙanƙara, ta ce ta Vom ce, cibiyar binciken cututtukan dabbobin nan da ke aiki tun 1924, ta soka masa a wuya, ko motsi bai yi ba. Ina ganin tsinin bai ma kai inda zai ji ba. Har na sa hannu a aljihu zan biya in kama gabana, sai ta ce saura maganin tsutsar ciki, shi kuma da nauyin kare ake auna shi.

"Alhaji, kilo nawa ne?"

Na ce zai kai talatin. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce wa yaron shagon ya fito da sikeli.

Irin sikelin nan ne na banɗaki mai tsinke, wanda yara suke yawo da shi a Terminus suna auna mutane. Kare ba zai iya tsayawa a kansa ba. Ta ce dabarar mai sauƙi ce: in ɗauki Kwamanda in hau tare da shi, sannan in ajiye shi in hau ni kaɗai, a cire wannan daga wancan. Kuma saboda cikin shagon da duhu, a baranda aka dasa sikelin, daidai gaban benci.

Jama'a, ban taɓa ɗaukar karen nan ba tun yana ɗan wata huɗu. Na tattare hannun riga, na durƙusa, na sa hannu ɗaya a ƙirjinsa ɗaya ta bayan cinyoyinsa kamar yadda ta nuna, na ce bismillah na yunƙura. Gaban ya tashi, bayan ya ƙi. Na sake yunƙurawa, wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, hulata ta faɗi ta gangara ƙarƙashin akuya. A karo na uku ya taso gaba ɗaya, sai ya tuna ashe yana da ƙarfi. Wannan da kaza take ci masa abinci ya shiga harba ƙafafu kamar mai tuƙa keke, kuma an kwana ana ruwa, tafin ƙafarsa duk jar lakar Jos ce. Ina jin aljihun gaba ya ce ɓarrr. Na dafa da gwiwa, na laluba sikelin da ƙafa na hau, ina rangaji. Nan ne ya ga fuskata kusa da tasa a karon farko a rayuwarsa, ya ga abin ya yi masa, ya zaro harshe ya share ni tun daga haɓa har bayan kunne. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Innalillahi." Ɗayar ta ce, "Sau bakwai ne fa, Alhaji, ɗaya da ƙasa," kamar ban je islamiyya ba.

Ba na iya ganin tsinken, don kare ya tare, kuma in faɗi gaskiya ba kare kaɗai ba. Yaron shagon ya tsuguna a ƙafata ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗaga murya irin ta ɗan kamasho a tasha:

"Anti, sikeli ya ƙare! Ya wuce 130, ya zagayo yana neman sifili!"

Baranda ta ɗauka. Har mai Keken da na yi shata ya kashe inji ya matso.

Likitar ta danne dariyarta, Allah ya saka mata, ta ce in ajiye shi in hau ni kaɗai mu ga inda matsalar take. Da ma a nan na ce na fasa. Amma ina haki, ƙwaƙwalwata ba ta aiki, na hau. Yaron nan ya sake tsugunawa.

"Casa'in da bakwai!"

Na ce ƙarya ne, ni tamanin da biyar ne, kowa ya sani. Na ce akwai takalmi, akwai waya biyu, akwai mukullai. Na sauka na tuɓe takalmi, na zazzage aljihun da ya rage, na miƙa wa yaro mai kyanwa ya riƙe mini, na sake hawa da safa, na ɗan ja numfashi ciki kamar hakan zai taimaka.

"Casa'in da shida da rabi!"

Sai tsohon nan, wanda tun da na zo bai ce uffan ba, ya gyara zama ya ce, "A cire agogon ma, ɗana, ko Allah zai sa a dace."

To, bari in tsaya a kan mutumin nan, don har yau ban huce ba. Da farko dai akuyarsa a rame take kamar an shanya buhu a kan kara, amma ni ban ce masa komai ba, saboda tarbiyya. Na biyu, ita ce ta taka mini hula, bai ko ja igiya ba. Na uku, daga baya na ji ko magani bai zo saya ba, farashi kawai ya zo tambaya, ya samu sinima kyauta ya zauna. Shi ne ya kawo shawarar a je wurin mai gas na kusa, tunda sikelinsa faffaɗa ne na lantarki, kuma ya ja akuyarsa ya biyo mu, matan nan ma suka biyo da kwalinsu. Haka muka jera a bakin titi kamar masu kai lefe. Kwamanda ya hau sikelin gas da kansa ya zauna abinsa cikin mutunci, abin da tun farko da an yi da shaddata tana nan. Kilo 41.3. Mai gas ya ce ya fi gas ɗin tukunya uku masu kilo 12.5. Tsohon ya zagaya karen yana taɓa baki, ya ce in na gaji da ciyarwa in yi masa magana, ya san masu kai kaya kasuwar karnuka ta Dawaki can Kanke, wannan kuɗin biyu za a ba ni. Na ce Baba, ba na sayarwa ba ne. Ya ce ai ya gani, ɗan gida ne, har kama muke yi ta wajen wuya.

Muka koma shago aka shiga karatu. Ta ce in shafa bayan hannuna, in ji yadda ƙasusuwan suke a ƙarƙashin fata: haka ya kamata in ji haƙarƙarin kare da shafa kawai, ba tare da dannawa ba. Ta ce in nemo na Kwamanda. Na shafa, shiru. Na danna, shiru. Na shiga tono da yatsu kamar mai neman mukulli a cikin katifa, shi kuma yana lumshe ido yana zaton tausa ce. Ta ce in tsaya a kansa in duba daga sama, ya kamata in ga ƙugu ya ɗan shiga bayan haƙarƙari. Abin da na gani buhun dankalin Bokkos ne da wutsiya. Ta ce suna da ma'auni daga 1 zuwa 9, lafiyayyen kare yana 4 ko 5, nawa yana 8. Tsohon ya leƙo ta taga ya ce, "Shi kuma Alhajin fa, nawa ya ci?"

Ta ce kamata ya yi ya dawo wajen kilo 30, amma ba da yunwa ba, a hankali, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na nauyinsa a mako, wato aikin wata biyar ko shida ne. Tun da aka yi masa fiɗiya jikinsa ya rage buƙatar abinci, mu kuma muka ƙara. Kuma jinin Alsatian da ma suna da raunin ƙugu, nauyi yana gama musu da shi da wuri. Ta ba ni labarin wani bincike da aka fitar a Amurka a 2002, inda aka bi karnuka 48 'yan Labrador tsawon rayuwarsu, aka rage wa rabinsu kashi ɗaya cikin huɗu na abinci, suka fi 'yan'uwansu daɗewa a duniya da kusan shekara biyu. Daga taga aka ce, "Ka ji ko, ɗana? Kwata kawai." Na yi kamar ban ji ba.

Ɗaurin aure kuwa sai da na koma gida na yi wanka na canza kaya, na isa an riga an shafa fatiha ana rabon goro. Ina cikin gaisawa da mutane na ji an ce, "A'a, ga mai sikeli!" Ashe kawun amarya ne. Ya riga ni isowa, kuma ya riga ya ba da labarin, har ya ƙara cewa sikelin fashewa ya yi. Wanda ya aiko mini da hoton tukunyar gas a WhatsApp daren nan, na san a bakin wa ka ji.

Da dare na kafa kotu a tsakar gida. Uwargida ta ce ita ƙanzo da sauran tuwo kawai take ba shi, don zubar da abinci haramun ne. Yara suka ce su gefen burodi kawai, sai biskit in ya yi musu kallon tausayi. Yarinyar da ke taya aiki ta ce ita romon kai da ƙashin kaza, wanda likita ta ce dafaffensa yana tsagewa ya soke hanji. Maigadin layi ya ce mai shayi yana tara masa ragowar indomi da ƙwai. Kowa a cikinsu yana zaton shi kaɗai ke tausaya wa marayan Allah, alhali sau bakwai yake ci a rana, ban da abincinsa na ainihi. Ina cikin faɗa autata ta ce, "Abba, kai fa da tsire?" Gaskiya ne, duk daren da na tsaya wurin mai tsire nakan jefa masa kitsen da albasar da ba na ci. Albasar nan kuwa likita ta ce tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ko dafaffiya, ita da tafarnuwa. Na ɗage zaman kotu.

Yanzu akwai kofin awo a rataye a ƙofar kicin, safe da yamma, duk wata kyauta kuma kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin yini, an ce a ba shi karas. Ranar farko ya shinshina karas ɗin ya dube ni kamar na zage shi. Sannan tafiya bayan sallar asuba, minti ashirin zuwa talatin, cikin sanyin Jos da hazon damina, ni da rigar sanyi biyu. Kwana ukun farko a bakin kwalbati yake zama ya ƙi gaba ya ƙi baya, in tsaya ina lallashinsa masu fita aiki suna gaishe ni. Yanzu ya warware, shi ke jana har kusa da dam, ni ke neman kwalbatin.

Jiya muka koma wurin mai gas, da sassafe kafin mutane su fito. 39.1. Mai gas ya ce in hau ni ma, ba zai faɗa wa kowa ba, na ce ina sauri. Kazar dai ta daina shigowa. Amma ɗazu na tsinci ganyen da ake naɗe waina a bayan ɗakinsa, da sauran mai a jiki, kuma duk gidan kowa ya rantse. Ina zargin Kawu.