Kunyar Rubuta Bashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, akwai wata kunya da take cinye zumunci a hankali, ita ce kunyar rubuta bashi. Aboki ya zo maka a matse, ka ranta masa, sai ka ji nauyin ce masa "mu rubuta", kada ya ɗauka ba ka yarda da shi ba. Shi ma ya yi shiru. Bayan wata shida kai kana cewa ƙarshen wata kuka yi da shi, shi kuwa yana rantsuwa cewa "sai Allah ya hore" ya ce. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinku, mantuwa ce ta ɗan Adam, amma daga nan gaisuwa ta fara nauyi.

Na taɓa zama a wurin rabon gadon wani bawan Allah. Wani mutum ya shigo, ya yi sallama, ya ce yana bin mamacin kuɗi. Babu takarda, babu shaida. Har yau ina tuna yadda babban ɗan ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa. In ya musa, yana tsoron barin mahaifinsa da nauyi a kabari. In ya biya, akwai haƙƙin ƙannensa marayu a cikin dukiyar. Layi biyu a takarda da sun raba shi da wannan azaba.

Ku duba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Allah ya ce a ambaci ajali, a rubuta da adalci, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba. Ya faɗi dalili: hakan ya fi adalci a wurinsa, ya fi tsayar da shaida, ya fi kusa da kawar da shakka. Mafi yawan malamai sun ce umarnin na mustahabbi ne, amma ni dai ban ga abin kunya a cikin abin da Ubangiji ya tsara wa muminai ba. Yau ma abin ya yi sauƙi. Ka tura masa saƙo a waya: adadi kaza, ranar kaza na ba ka, ranar kaza za ka biya. Ya amsa da "haka ne". Ka sanar da mutum ɗaya a gidanka.

Kai kuma da ake bi, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Annabi (SAW) da kansa ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir. Cin bashi ba abin zargi ba ne, abin zargi shi ne kashe waya da sauya hanya. In ka ga ranar ta matso kuma babu, ka riga shi magana, ka kai abin da ya samu ko kaɗan ne, ku sa sabuwar rana. In kuwa kana da shi kake ja masa rai, Manzon Allah ya kira taurin bashin mawadaci zalunci. An taɓa kawo masa gawar mutumin da ake bi dinari 3, bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Shahidi ma ana gafarta masa komai ban da bashi.

Mai bi, aya ta 280 taka ce: in ɗan'uwanka yana cikin ƙunci ka saurara masa har ya samu sauƙi, in ka yafe ya fi maka alheri. Kada ka tona masa asiri a gaban 'ya'yansa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Zubairu bin Awwam (RA). Ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya ce babban abin da ya dame shi bashinsa ne. Asalin bashin kuwa, in mutane sun kawo masa ajiya sai ya ce a mayar da ita rance, don yana tsoron ta salwanta. Bayan rasuwarsa, da aka lissafa bashin sai aka tarar miliyan 2 da dubu 200 ne. Abdullahi ya sayar da filaye ya biya. Magada suka ce a raba musu gado, ya ƙi. Shekara 4 yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo a biya shi, sai bayan nan ya raba.