Ranar da Kofur ta ƙi tashi a ƙofar surukaina

Tunda labari ya riga ya zaga gari har an fara zuba masa gishiri, gara ku ji daga bakina. Gwaggo ba ta mare ni ba, kuma ban yi kuka ba, ƙura ce ta shiga mini ido. Sauran abin da kuka ji, to, akwai ƙamshin gaskiya.

Kun dai san Kofur. Ga wanda bai sani ba, tsohuwar Marsandi 911 ce mai gajeren hanci, mai ja da tayoyin gaba da na baya, wadda na saya gwanjo bayan ta gama aikin soja. Har yau koren fentin nan yana leƙowa ta ƙarƙashin shuɗin da na shafa mata, ga zagayayyar ƙofar nan a rufi, saman kujerar yaron mota, inda soja ke fito da kai. Shekara shida tana kwaso mini buhunan masara daga ƙauyukan da tifa ba ta isa ta shiga da damina ba. Injinta OM 352 ne, silinda shida, ƙarfin doki 130, irin wanda Jamusawa suka fara ƙerawa tun 1964. Bai san wata kwamfuta ba. In batir ya mutu, samari biyar su tura, ya yi tari biyu ya kama. Aibinsa dai ya tsufa: yana shan baƙin mai kamar koko, in muka hau tudu kuwa hayaƙinsa sai ya kori sauron unguwa guda.

Ringi da fistin kawai yake buƙata. Oga, makanikina, ya faɗa mini haka, sau uku. Ni kuma na je Ƙofar Ruwa neman ringin, idona ya faɗa kan wani injin Beljiyam da aka ciro daga Atego, babbar motar Marsandi ta zamani, yana ƙyalli kamar ango. OM 906, lita shida da ɗoriya, ga tabo mai cusa wa inji ƙarin iska, doki 231. Na koma gida ba ringi, ba kuɗin ringi, ba kuma kuɗin rufin shagon da na yi wa uwargida alkawari.

Wata uku aka yi ana aikin da aka ce mini na sati biyu ne. Tukunyar baƙin mai ta sabon injin ta zauna daram a kan aksil ɗin gaba, sai da mai walda ya yanke ta ya sake ɗinke ta. Ƙafafun inji sababbi aka ƙera. Shi tabo yana da nasa lagireton na sanyaya iska, wanda hancin Kofur ba shi da wurinsa, shi ya sa bonet ɗin bai ƙara rufuwa ba, da igiyar guga muke ɗaure shi. Totur ma ba na sanda ba ne kamar na da, na lantarki ne: ka taka, saƙo ya tafi wajen ƙwaƙwalwar inji, birenbos inji makanikai, ita ce za ta ga dama ta buɗe wa kowace silinda famfonta, don kowacce da nata. A nan Oga ya ɗaga hannu ya ce shi sofana ya sani, ya kira wani ɗan yaro mai wayarin, wanda gemu bai ma fara yi masa sallama ba. Kwana huɗu yaron yana kwance a ƙarƙashin sitiyari da laftof. Rana ta biyar inji ya kama. Wallahi sautin kaɗai ya isa mutum ya manta bashi. Yaron ya tsaya yana yi mini bayani yana nuna ƙasan dashbod, ni kuwa ina ɗaukar bidiyo ina tura muku. Na tuna dai na ce masa, “Na gane, na gane.”

Sai ga bikin ƙanwar uwargida. Ana maganar motar da za ta kai kayan jere, bakina ya riga hankalina. Na ce wane irin haya kuma ina raye? A gaban Baba, surukina, na faɗa.

Ranar jere na yi sammako na tada mota, na bar ta tana tara iskar birki, na shiga share gaba don Gwaggo ce za ta zauna a nan. Ina cikin goge-goge na ga wani mataccen makulli an naɗe shi da salatef cikin wani baƙin zobe na roba, yana lilo a ƙarƙashin sitiyari kamar laya. Makullin da ba ya buɗe komai a motar. Na ce kai, yaran zamani ba su iya gama aiki ba. Na sa reza na yanke salatef ɗin, na zare makullin na jefa a aljihun gaban rigata, na cusa zoben ciki. Inji ko gezau bai yi ba. Na yi wanka, na zuba farar shadda da hula zanna, na ja mota.

Shigata layin su Baba abin kallo ne. Yara na bi suna ihu, mata na leƙe ta katanga. Na yi fakin daidai ƙofar gida, na taka totur sau biyu don waɗanda ke cikin ɗaka su ji, na kashe. Aka loda gado, katifa, sif, kujeru, shokes, firij, kwallaye da kuloli, aka ɗaure. Mata goma sha wani abu suka hau baya suka zauna a kan kujerun amarya. Aka kamo Gwaggo aka tura ta sama da ƙyar, kun san tsayin matakalar Kofur kuma kun san Gwaggo. Wata ta rangaɗa guɗa. Na yi bisimilla na danna kik.

Gurr-gurr-gurr. Shiru.

Na yi murmushi, na ce sanyi ne. Ƙarfe sha ɗaya na rana, a watan Afrilu.

Na sake dannawa. Inji na juyawa lafiya lau, da ƙarfinsa, amma ko ɗigon hayaƙi babu a salansa. Na uku. Na huɗu. Gwaggo ta gyara mayafi, ta dube ni ta gefen ido ta ce, “Ɗan nan, ko mu sauka ne?” Na ce, “A'a Gwaggo, yanzu za ta tashi, tana karanta kanta ne.” Ban san inda na samo wannan maganar ba. Har yau a gidan in yaro ya ƙi tashi sallar asuba sai a ce a ƙyale shi, yana karanta kansa.

A nan mutumin naku ya taso daga kan benci. Mai rediyon nan. Ba sai na faɗi suna ba, wanda duk ya taɓa zama a majalisar layin ya san wanda ke fara kowace magana da “lokacin da nake jan roka zuwa Fatakwal”. Bari in faɗa muku wani abu a kan mutumin nan. Jak ɗina yana hannunsa. Babban, mai ɗaga tan goma, wanda ya zo tare da motar, da koren fentinsa na soja. Ya are shi ne “na yini ɗaya” tun kafin korona. Na aika yaro sau biyu, ya ce yana wajen ɗansa. Na je da kaina, ya ba ni labarin gadar Jebba na awa guda, har ya sa aka kawo mini kunu, na fito ina godiya, sai da na kai bakin titi na tuna abin da ya kai ni. Kuma wallahi na ga jak ɗin da idona, ya tokare ƙofar garejinsa da shi. Mutumin da ko keke ba shi da shi yanzu, me zai ɗaga? Da sallar bara har gaisuwa na kai masa da turmin atamfa na iyalinsa, ina tsammanin kunya za ta yi aiki. Ya karɓa ya sa mini albarka.

To shi ne ya zo ya tsaya a gaban motar, hannu a baya, ya kalli igiyar gugar da ke riƙe da bonet, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce da ƙarfi yadda na bayan mota za su ji, “Iska ta sha. A kwance nozul a yi bilidin.” Na ce masa Baba wannan ba irin wancan ba ne. Ya ce, “Yaro, gas dai gas ne.” Kafin in sauko har an kwance igiya, mutum huɗu sun zura kai cikin injin da na sayar da rufin shago a kansa, kowa da sofanarsa. Aka yi ta buga famfon hannu. Gas ya yi tsartuwa ya wanke mini gaban shadda tun daga wuya har cibiya.

Da wannan bai yi ba ya ce a tura. Na san ba za ta yi ba, wani abu a raina ya faɗa mini, amma Baba na tsaye a ƙofar gida da carbi, bai ce komai ba, kuma shirun surukin mutum ya fi zagi ciwo. Aka tara samarin layi, har da abokan ango da suka zo wucewa. Mota mai nauyin giwa, ga kayan ɗaki, ga mata a sama sun ƙi sauka wai kada a zauna musu a wuri. Aka tura. Na sa giya ta biyu na saki kuloci. Motar ta yi wata irin tirjiya, shokes ya yi ƙara, wata kwalla ta gangaro ta faɗo ƙasa tana juyi a tsakiyar layi, murfinta ya yi gabas. Kowa ya yi tsit ana sauraron ta har ta gama. Sau uku ana turawa, har muka kai bakin kwata, muka toshe layin gaba ɗaya, ƙofata ta manne da katangar makwabta, ta Gwaggo kuma tana saman kwatar.

Batir ya fara sanyi. Ladan ya kira azahar. Gwaggo ta ce ita fa alwala za ta yi. Aka kawo benci aka gitta a kan kwata aka sauke ta, tana sauka tana faɗin abin da ba zan rubuta ba game da mutanen da ba sa jin shawara. Da ta sauka sai aka ɗauke bencin, don na mai rediyo ne, ya ce zama zai yi.

Na kira Oga, ya ce yana Wudil. Na kira yaron wayarin. Minti arba'in sai ga shi a bayan babur, da silifas da jakar laftof. Bai ko kalli injin ba. Ya taka taya, ya zura kai ta tagar Gwaggo, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ce, “Alhaji, ina makullin da na ɗaure a nan?”

Na ce, “Wane makulli?” Alhali tun kafin ya rufe baki na ji abin yana ƙona mini ƙirji ta cikin aljihu.

Da a hankali ya yi maganar da na rufa wa kaina asiri. Amma yaron nan malami ne ya rasa aji. Ya juya ya fuskanci jama'a, yana tsaye a kan taya, ya shiga bayani. Wai makullin Atego ɗin da aka ciro injin ne, a cikin kansa akwai wani ɗan ƙwayar abu mai lamba, zoben nan shi ke karanta lambar ya faɗa wa birenbos. In birenbos bai ji lambarsa ba, ɗauka yake ɓarawo ne, ba zai saki ko ɗigon gas ba, ko da za a tura motar har Zariya. In inji na aiki ka cire, ba ruwansa, sai ka kashe ka zo tayarwa. A Atego da allon gaban direba ya nuna, amma Kofur allonta allura uku ne, biyu sun mutu. “Kuma na faɗa wa Alhaji,” inji shi, “har ya ce ya gane.”

Wata daga saman mota ta ce, “To wa ya cire?”

Mai rediyo ya ce lallai yaran layi ne, a tara su a bincike aljihunsu. Har an kamo wani ɗan almajiri da tun safe yake taya mu turi. Nan fa na ga abin zai zama zalunci. Na sa hannu a aljihu na fito da shi. Ban ce komai ba, na miƙa ta taga.

Ban taɓa sanin mata goma sha za su iya yin dariya a tare kamar an ba su sigina ba. Amarya ma, da ya kamata a ce tana ɗaka tana kuka, an ce har ƙasa ta zauna. Yaron ya mayar da makullin cikin zobe, ya naɗe da salatef, ya ce in danna. Bugu ɗaya, da ragowar batir ɗin.

Sai dai ni sallah zan yi, kuma ƙofa ɗaya katanga, ɗaya kwata. Ta ƙofar rufin nan na fito, ta sojoji. Kai ya fita, kafaɗa ta fita, tumbi ya ce bai san zancen ba, don sojan da aka auna da shi ba ya cin tuwon dare. Na maƙale rabi a waje, shadda jiƙe da gas, hula ta faɗa kwata, ina fuskantar matan da ke kan kujerun amarya ido da ido, tazarar taku biyu. A nan ne ƙurar ta shiga mini ido. Wanda ya ɗauki hoton nan, na san ka, kuma Allah ya isa ban ce ba tukuna.

Mun kai kaya bayan la'asar. A hanya ne ma na gano wani abin: tsohon injin yana juyawa har 2,800 a minti, sabon kuwa ƙarfinsa a wajen 2,200 yake ƙarewa, giyabos da aksil kuma na da ne. Wato ƙarfi ya ƙaru, gudu ya ragu. Tana hawa tudu kamar ba kaya, amma a miƙaƙƙen titi har wata akori-kura mai ɗauke da awaki ta wuce mu. Gwaggo ta bi ta da kallo, ta ce, “Wannan ita ma sabon inji gare ta?”

Tsohon OM 352 ɗin kuwa Oga ya saye shi a hannuna kuɗin ƙarfe, ya sa masa ringi, yana cikin motar wani mai itace yanzu, ina ganin ta kullum a hanyar Gwarzo. Kuloci na kan hanyar mutuwa, ya fara wari tun ranar. Shekaranjiya kuma tayar baya ta yi faci a ƙofar gida, na aika a karɓo jak, aka ce yana wajen ɗansa.