Rediyon Baba da ginin zanzaro

Rediyon marigayi Baba, ƙirar National mai cin manyan batura huɗu, ta shekara goma a kan kabad ba ta ce uffan ba, sai bakina ya ja mini na yi alkawari a majalisa cewa kafin Juma'a za mu ji BBC a mita 16. Na kankare farin gishirin da tsofaffin batura suka zubar, na sa sababbi, amma shiru kake ji. Nan take na yanke hukunci cewa kondansa ne suka bushe, wato 'yan kayan cikinta masu riƙe wutar lantarki, na naɗe ta a zane na nufi babbar kasuwar Garwa.

A rumfar mai gyara na tarar da ƙanin matata, wanda ba shi da rediyo balle abin gyara. Inuwa kawai ya je sha. Ganinsa ya sa na ɗaga murya ina yi wa mai gyara bayani, har da cewa a Amurka aka fara sayar da irin waɗannan rediyo a 1954, kuma duk wadda ta tsufa sai an canja mata kondansa da sabuwar dalma. Mutumin ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Alhaji, ka gama?" Ya miƙa wa yaronsa, wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba. Yaron bai ko kwance murfi ba. Ya zari tsinken tsintsiya ya zura a ramin abin sawa a kunne, sai ga busasshiyar laka tana zubowa, har da mushen tsutsa. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki, lakar ta tokare ɗan ƙarfen da ke yanke lasifika. Da ma na bar muryar a ƙure, sai rediyon ta kwatsa ihu da Fulatanci har mai goro ya zabura.

Ƙanin matata ya yi dariya har hularsa ta faɗi, shi da har yau bai biya ni jaka biyar ɗin da ya ranta tun azumin bara ba, amma ya iya zagaya unguwa yana kirana Injiniya. Na biya dala ɗari, kuɗin tsinke.

A hanyar gida zaren da ke jan allura ya tsinke, don haka tasha ɗaya take kamawa yanzu. Ranar Juma'a ban je majalisa ba.